Shekarar da Yara Suka Koma Gindin Rediyo

Ku jawo bencin nan inuwa, tunda an ɗauke wuta, kuma ba mai kawo muku waya a cikin wannan zafin. Ɗazu na ji Nura yana cewa gyaran rediyo ba aiki ba ne, wai ka kwance baya, ka hure ƙura, ka zuba sabon batir, ka miƙa wa mai shi. Ban ji haushi ba. Ku masu gyaran waya, in gilashi ya fashe ku ɓamɓare ku liƙa wani, in cikinta ya mutu ku aika Kano a kawo sabo. Mu ba a koya mana canza abu ba sai mun gano shi, kuma ba a gano shi sai an bi shi sannu a hankali, yadda ake bin sawun akuyar da ta ɓace. A kan teburin nan na kasuwar Babura gemuna ya yi fari, har mutane suka manta sunan mahaifina, sai dai Sale Mai Rediyo.

Rediyon farko da na buɗe ba a nan ba ne, a Kazaure ne, a shagon wani mutumin Kudu da muke kira Oga Matiyu. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa. Na daɗe ban taɓa ko sukudireba ba, aikina hura gawayi kawai. A lokacin ƙarfen narka dalma ba na lantarki ba ne, wani ƙarfe ne mai kan tagulla da mariƙin itace, a cikin garwashi ake cusa shi. In ya yi zafi da yawa ya ƙone abin da kake son gyarawa, in bai yi ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Oga ba ya gaya maka ya yi ko bai yi ba. Ɗaga shi yake yi kusa da kumatunsa ya ji hucin, sannan ya miƙo maka kai ma ka ji. Ranar da ya fara turo mini rediyo, na wani ɗan sanda ne da ya daina magana gaba ɗaya, na yi wuf na ɗauki sukudireba, ya buge mini hannu. Ya ce in fara kai hancina. Na shinshina, na ji ƙauri. Ya ce abin da ya ƙone warinsa daban, abin da ruwa ya shiga nasa daban, wanda ɓera ya yi wa fitsari shi ma daban. Da Hausarsa mai ɗan karkata ya ce, "Hanci tukuna, sannan ido. Hannu shi ne ƙarshe."

Aikin da ya fi ba ni wuya a shagon nan shi ne ɗaura zaren tasha. Ku ba ku san shi ba. Wani siririn zare ne da yake zagaye ƙananan tayoyi a cikin rediyo, in ka murɗa maɓallin neman tasha shi yake jan allurar da ke nuna inda kake. In ya tsinke, ba wanda zai gaya maka ta ina ya bi. Wani Bafulatani daga wajen Roni ya kawo nasa da zaren a tsinke, Oga ya ce nawa ne. Na ɗaura, na murɗa dama, allura ta tafi hagu. Na kwance na sake, ta tafi daidai amma ta tsaya a tsakiya. Bafulatanin nan yana tsugune, sandarsa a kafaɗa, yana jirana har la'asar. Da na samu ta tafi daga farko har ƙarshe, ya karɓa, ya kara a kunne, ya lalubo tashar da yake so ba tare da ya kalli allurar ba ko sau ɗaya. Ashe shi da kunne yake gane wurinta. Ni dai na koyi ɗaurin zare a ranar.

Da na dawo gida na kafa teburina, aiki ya yi ta zuwa. Makiyaya suna rataye rediyo a kafaɗa su bi shanu da shi, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ranar kasuwa su kawo mini. Mutanen Nijar suna tsallakowa da nasu a cikin buhu, su biya da sefa. Dattawan majalisa kuwa ba sa yarda rediyonsu ya kwana a wurina, sai su zauna a kaina har in gama, don kada labaran yamma su wuce su. Daga baya waya ta shigo. Aiki ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, har ya zama sai tocila da fitilar caji nake gyarawa, rediyo kuwa sai jefi-jefi. Gawarwakin waɗanda aka bar mini ba a dawo karɓa ba na tara su a buhuna a gida, maiɗakina tana ta cewa in sayar wa masu gwangwan.

Sai shekarar korona ta zo. Kuna da wayo a lokacin, amma ba ku da iyali, don haka ba lallai ku san nauyinta ba. Iyaka da ma a rufe take, sai aka ƙara da hanyoyi. Aka hana cin kasuwa, aka ce a sa takunkumi, a daina musabaha. Na kwashe kayan aikina na koma zauren gidana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiya. Na saba da hantsi in ji ƙarar ƙarfen makarantar firamaren da ke bayanmu, in ga yara suna gudu da jakar buhu a wuya. Sai aka wayi gari shiru. Da farko yaran murna suka yi, sun samu hutu. Da aka kwana biyu sai ka gan su a zube a bakin hanya, wasu da farantin talla a gari da ba mai saye, wasu suna bin amalanke, wasu suna faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai gidajen da abincin da ake raba wa ƙananan aji a makaranta shi ne karin kumallon 'ya'yansu. Waɗannan a wuyansu kake fara gani, sai ka ga riga ta yi musu yawa. Jikana da ya fara haɗa baƙi kafin a rufe, na nuna masa rubutun jikin kwalin ashana wata rana, ya kalle shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Ana cikin haka aka sanar cewa za a riƙa sa darasi a gidan rediyo da safe, kowane aji da lokacinsa. A makon nan na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sana'a. Rediyon da aka jefa ƙarƙashin gado, da wanda aka tokare ƙofa da shi, da wanda kaza take ƙwai a bayansa, duk aka tono su. Wayar gida ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma ya fita neman abin da za a ci. Rediyo shi ne zai zauna da yara. Zaurena ya cika da akwatuna, buhunan da ake cewa in sayar suka zama su ne kasuwar Kano tawa.

Wata safiya, bayan sallar azumi da 'yan kwanaki, wata yarinya ta yi sallama a ƙofar zaure. Ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Hajara, daga wata unguwa take a bakin gari ta hanyar Kanya Babba. Tana rungume da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Na tambaye ta ina babban da ya aiko ta, ta ce mahaifiyarta tana takaba, ba ta fita. Da ta faɗi sunan mahaifinta na gane shi. Direban bas ne da yake jigila tsakanin Babura da Kano, mutum mai fara'a, ya sha kawo mini saƙon kayan gyara. Rufe hanya ya same shi a can, ya kwanta rashin lafiya a ɗakin wani abokinsa, a lokacin da ake ta rasuwar nan a birni. A can aka yi masa sutura. Iyalinsa a waya suka ji, ba wanda ya ga gawarsa.

Ta warware ɗankwalin. Rediyo ne ɗan Jafan, tsoho, irin mai rigar fata. Ta ce aji shida take, an ce za su yi jarrabawar shiga sakandare in an buɗe, kuma ba ta so ta manta abin da ta sani. Sannan ta nuna mini maɓallin ƙara murya, inda wani baƙin tabo ya zauna, na man mota da ya shiga jikin roba saboda yawan taɓawa.

"Baba, don Allah in za ka goge, kada ka goge nan. Yatsansa ne."

Na ce mata ba zan taɓa wurin ba.

Da na kai hanci na san akwai aiki. An bar batir a ciki tun tafiyarsa, ya fashe, ruwansa ya cinye mazauninsa ya gangara ya ci hanyoyin tagullar da ke jikin allon ciki. Zanzaro ya yi gini a kan abin neman tasha. Takardar sifika ta yage. Na kankare tsatsa da bakin reza, na ciro ƙarfen mazaunin batir daga wata matacciyar tocila na dasa masa. Ginin zanzaro da tsinken tsintsiya na rushe shi, ƙwaya-ƙwaya, don faranten da ke wurin sun fi takarda laushi, in ɗaya ya lanƙwasa ya taɓa ɗan'uwansa an gama. Hanyoyin da suka cinye na warware wayar fitila, na zaro silin tagulla mai kaurin gashi, na yi musu gada ɗaya bayan ɗaya. Ba wuta, don haka na koma wa tsohon ƙarfena na garwashi. Sifika na liƙe ta da siririyar takarda da gam. Duk da haka da na kunna sai huci kawai yake yi. Na bi shi da mitar gwada wuta har na iske wani ɗan transista da ya mutu, ƙarami kamar ƙwayar wake. A da sai in ba wa direba saƙo, washegari ya zo mini da shi. Yanzu direban ne babu, hanyar ma babu. Na zazzage buhuna a tsakar gida ina buɗe gawa bayan gawa, maiɗakina tana taya ni ware su, har muka samu irinsa a cikin wani rediyo da ba shi da ko murfi. Da na dasa shi na kunna, sai muryar wani mutum ta fito tar daga wata tashar Nijar, yana faɗin farashin gero.

To, nan wata matsalar ta taso. Tashoshin tsallake suna shigo mana da ƙarfi, amma wadda ake sa darasin sai ta zo ta tafi kamar mai jin kunya. Na san in na miƙa wa yarinyar nan haka, ba abin da za ta ji. Na ɗaure rediyo a bayan keke, na ɗauki doguwar gora da nannaɗen waya, na tafi gidansu da kaina. Muka gaisa da mahaifiyar ta bayan ƙyaure, na yi mata ta'aziyya. Na kafa gorar a jikin katangar zaure, na ja waya daga samanta har zuwa eriyar rediyon. Saboda batir ya yi tsada kuma gidan ba mai nema, na haɗa masa ɗan farantin hasken rana da na cire daga wata fitila, na ce su riƙa ajiye shi inda rana take, batir kuwa a bar shi sai ranar hadari.

A bakin zauren na ga wata ƙaramar yarinya zaune a kan dakali, ta juya wa gida baya tana kallon titi. Na ce mata sannu, ba ta amsa ba. Hajara ta ce ƙanwarta ce, Ladidi, aji ɗaya take. Ta ce tun ranar da aka bugo waya ba ta sake cewa uffan ba. An kai ta asibiti an duba, an ce maƙogwaronta lafiya lau, kunnenta ma yana ji. An karɓo mata rubutu ta sha. Tana cin abinci kaɗan, tana yin abin da aka sa ta, amma magana babu. Kullum da safe nan take zama, in mota ta taho ta miƙe tsaye, in ta wuce ta koma ta zauna. A da, in ji Hajara, ita ce mai surutun gidan, malamarsu har canza mata wurin zama take yi. Yanzu ba makaranta, ba malama, ba ƙawayen da za su ja ta da wasa, sai gida mai makoki da titi.

Bayan kamar mako guda na koma in ga ko gorar tana nan. Tun daga nesa na ga takalma a zube a ƙofar zaure. Yaran unguwa ne suka cika shi, manya da ƙanana, an shimfiɗa buhuna, an ɗan rarraba su saboda dokar da aka sa, kodayake ƙananan sai su matso su manne da juna. Rediyon yana kan turmi a kife. Wata malama ce take magana a ciki, muryarta a natse. In ta faɗi abu sai ta ce yara su maimaita, ko ta yi tambaya, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci. A cikin shirun nan sai zauren ya ɗauka baki ɗaya. Ita tana can wani gari a cikin ɗaki ita kaɗai, ba ta ganin kowa, ba ta san ko akwai mai sauraronta ba, amma ta bar musu wurin amsa, su kuma suna ba ta. Na yi shekara da shekaru ina sa rediyo ya yi magana, ban taɓa ganin an mayar masa da amsa ba sai ranar.

Abin da rediyo ba zai iya ba shi ne nuna baƙi. Malamar za ta ce a rubuta kaza, to yaron da ya manta kamanninsa fa? Nan Hajara ta shigo. Tana tsaye a jikin bango da gawayi a hannu, duk abin da aka faɗa sai ta rubuta shi da manyan baƙaƙe, yara su kwafa a ƙasa da yatsa ko a bayan kwali. In bango ya cika ta goge da jiƙaƙƙen tsumma. In gajimare ya tare rana murya ta fara shaƙewa, sai ka ga an ruga an ɗaga farantin sama ana neman haske da shi. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda yake biyanta. Darasin ajinta yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin ƙananan sun watse, sai ta zauna ita da wasu 'yan mata biyu su yi nasu. Ladidi kuwa tana kan dakalinta, bayanta ga zaure.

Da damina ta kankama sai zauren ya fara raguwa. Aka kwashe maza zuwa gona, tunda ba makarantar da za a ce ana jin nauyinta. Wasu matan aka ɗora musu tallan dafaffiyar gyaɗa da masara. Wasu gidajen abincin ne ya ƙare, yaron da bai karya ba kuwa ba ya zama sauraron lissafi. Wani dare aka yi iska mai ƙarfi, da safe Hajara ta aiko a gaya mini gora ta faɗi. Na je da igiya da ƙusa. Na tarar da yaran ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, suna zaune suna jira, rediyo yana ta huci. Na taka wani tsohon galan na hau katanga, na ɗaga gorar, ina juya ta a hankali Hajara tana gaya mini in murya ta fito. Da ta fito sosai na tsaya a haka, ina riƙe da ita da hannu biyu, na ce su yi darasinsu tukuna, in an gama na ɗaure.

Darasin ƙananan aji ne, a kan sana'o'i. Malamar ta tambaya wane ne yake ɗinka tufafi, yara suka ce tela. Wane ne yake yin gini, suka ce magini. Wane ne yake sayar da nama, suka ce mahauci, har wani ya ƙara da sunan mahaucin unguwarsu aka yi dariya. Sai ta ce, "To yara, wane ne yake tuƙa mota?" Ta yi shirunta.

Ba wanda ya amsa. Duk sun san amsar, amma sun san gidan da suke zaune. Ƙananan yara ne, ba wanda ya ce musu su yi shiru, suka sunkuyar da kai. Hajara ta tsaya da gawayi a jikin bango. Daga inda nake a kan katanga ina ganin cikin zaure ta ƙofa, ina kuma ganin dakali. Ladidi ba ta juyo ba, idonta yana kan titi. Da wata 'yar murya a dishe, irin ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba, ta ce:

"Babana."

Sai malamar ta dawo, da fara'arta, ta ce, "Madalla, kun faɗa daidai. Direba ne." Ta wuce zuwa tambaya ta gaba.

Wata yarinya ta buɗe baki za ta yi ihu, Hajara ta ɗaga mata hannu. Ta juya ga bango ta rubuta direba, baƙaƙen sun ɗan karkace. Malamar ta tambaya wane ne yake noma, Hajara ta amsa da ƙarfi ita kaɗai, sauran suka biyo ta, darasi ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta gane cewa in aka yi wa ƙanwarta ca, za ta koma inda ta fito. Ni kuwa ina riƙe da gorar nan, ban motsa ba, don na san in ta goce kaɗan muryar za ta ɓace. Kafin a gama darasin, Ladidi ta sauko daga dakali, ta shigo ta zauna a bakin ƙofa daga ciki. Da na sauko zan tafi, na ji kukan mahaifiyar a bayan ƙyaure, ƙasa-ƙasa, ashe ita ma tana nan tsaye tana sauraro.

Daga baya Hajara ta gaya mini cewa da yammar ranar Ladidi ta tambayi mahaifiyarsu inda babansu yake kwance, da ko an rufe shi da kyau saboda ruwa. Aka gaya mata gaskiya. Da aka buɗe hanya, kawunsu ya ɗauke su su biyu ya kai su Kano, abokin mahaifin ya nuna musu kabarin. Tun daga nan ta daina zaman dakali.

Kada ku ɗauka rediyo ya gyara komai. Da aka buɗe makarantu wajen kaka, wani malamin firamare da yake kawo mini fitilarsa ya ce kamar sabon ɗauka aka yi wa ɗalibansa. Yaran da suke karanta jimla kafin a rufe sun dawo suna lalube a kan sunayensu. Wasu sun yi tsawo sun fi ƙarfin bencinsu, suna jin kunyar zama da ƙanana, suka yi kwana kaɗan suka daina zuwa. Wasu ko leƙowa ba su yi ba, sun saba da kasuwa da gona, iyayen ma sun saba da hannunsu. A cikin waɗanda na gani a zauren nan akwai wanda yanzu yake tura baro a tashar mota, kuna ganinsa kullum. Amma malamin ya ce yaran unguwar hanyar Kanya Babba da suka jure har ƙarshe, su ne ya riƙa sawa su taya shi da sauran. Hajara ta ci jarrabawarta, aka tura ta sakandaren 'yan mata a Kazaure.

A kwanakin da aka dawo cin kasuwa, ina zaune a nan inda Nura yake yanzu, sai ga wata mata da lulluɓi ta yi sallama. Ban san fuskarta ba, muryarta na gane, mahaifiyar su Hajara ce ta fita takaba. Ladidi tana gefenta da kayan makaranta, ita ce ta rungumo rediyon. Matar ta fara yi mini godiya, yarinyar ta katse ta. Ta ce malamar da ke ciki mura take yi, in ta yi magana sai ta riƙa tari, ko ita ma cutar ce ta kama ta? Na ce bari mu duba. Ina kwance murfi tana tambaya. Wannan jan abin mene ne? Me ya sa nake shinshinawa? Ta ina malamar take shiga? In an kashe, ina take tafiya? Ta san Hajara ta tafi? Na gane liƙin sifikar ne ya saki saboda laimar damina, amma akwai wani ɗan ƙara a ƙarƙashinsa da nake son in ji daga ina yake. Na kara kunne, tambaya ba ta tsaya ba. Na ce, "'Yata, ɗan yi shiru kaɗan in ji."

Mahaifiyar ta ce, "Malam, don Allah ka bar ta. Wata nawa muka yi muna roƙon Allah wannan surutun."

Na ajiye sukudireba. Na jawo mata benci ta hau, na juyo da cikin rediyon wajenta, na ce ta sake tambayar daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Har aka kira azahar ba mu kai ga sifikar ba.